Wuƙar da Aka Auna da Tafin Hannuna

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka turo ni Kazaure a matsayin malamin fata. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da aure ba. Aikin ba mai wuyar faɗa ba ne. Ranar kowace kasuwa in hau keke in je in duba ƙiragan shanu da fatun awaki da na tumaki, in ware masu kyau daga waɗanda wuƙa ta ɓata, sannan in tara mahauta in nuna musu yadda ake fiɗa ba tare da an huda fata ba. An ba ni wata wuƙa daga ofis don wannan nuni. Faffaɗa ce mai lanƙwasa, kamar wata ɗan kwana biyar, bakinta a dunƙule, ba tsini ko kaɗan. Ina ji da ita ƙwarai. Mahauta kuwa sukan saurare ni cikin ladabi su ce madalla, in na juya baya su zaro dogayen wuƙaƙensu masu tsini su ci gaba da abin da suka gada.

Wata ranar kasuwar Roni, cikin bazara, ina zaune a gindin tsamiya ina juya fatu, sai wani majemi ya miƙo mini wata ya ce in duba masa, ko da yake ba irin wadda aka aiko ni dubawa ba ce. Fatar barewa ce. Na ɗaga ta saitin rana yadda aka koya mana, don duk inda wuƙa ta zurma haske yakan fi ratsa wurin. Ban ga ko ɗigo ba. Hasken ya bazu a cikinta bai ɗaya, ja-ja, tun daga wuya har gindin wutsiya, kamar dabbar ce ta tuɓe rigarta da kanta ta ajiye ta tafi. Na daɗe riƙe da ita har hannuwana suka gaji. Da na tambaya ko wa ya feɗe ta, majemin ya nuna mini bayan duwatsu da haɓa, ya ce wani tsohon maharbi ne, gidansa shi kaɗai a can.

Da la'asar na tura kekena na bi hanyar. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Dogo ne, siriri, yana da tsagen Barebari a kumatu waɗanda suka fara ɓacewa cikin tamoji. Daga baya ya gaya mini kakansa ne ya taso daga gabas ya zauna a nan, kuma shi kansa ba ya jin yaren sosai sai in zai yi wa karnuka faɗa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya yi murmushi ya ce ai ya sha jin labarin malamin da ke yawo da wuƙa marar baki. Ya ce in ba shi ya gani.

Bai fara duba kaifinta ba. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya ya ga inda nauyinta ya rinjaya. Ya ƙyasta ta da farce ya kai kunne, ya saurara har ƙarar ta mutu. Sai a ƙarshe ya goga kaifin a farcen babban yatsansa.

"Ƙarfen na da kyau, Malam," in ji shi. "Amma aiki ɗaya ta sani."

Ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshin fata ya warware a kan tabarma. Akwai doguwa siririya, wadda ya ce ba ta taɓa komai sai maƙogwaro, da an gama yanka ake goge ta a mayar kube. Akwai wata gajera mai kaurin baya, mai nauyi, ta raba gaɓoɓi. Sai wata 'yar ƙarama da washi ya cinye har ta koma kamar ganyen darbejiya. Na ɗauka ajiye ta kawai yake yi don tunawa da wani. Ya ce a'a, ita ce ta fi sauran shan aiki. Ya ce in ina so in gani, in zo jibi bayan sallar asuba, in kuma taho da tawa.

Ranar nan har yau in na tuna ta sai in rasa ko duka ta faru ko wani ɓangaren mafarkinsa na yi daga baya. Mun bar gida gari ya fara wayewa, shi a gaba da bindigarsa ta toka a kafaɗa, ni a baya da gorar ruwa. Muka ratsa tsakanin duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ya jera su ya manta, muka gangara dajin da ke wajen Gwiwa. Sabara ce da kalgo iya ganin ido, jefi-jefi marke ko ƙirya. Tafiyar tsohon ba sauri ba ce, amma ba ta tsayawa, ƙafarsa kuma ba ta karya ko tsinke. Da hantsi ya ɗaga muka biya ta wata ruga, wata dattijuwar Bafulatana ta ba mu nono a ƙwarya, ta ce maigidanta ya ga sawun barewa jiya a bakin busasshen rafi. Daga nan zafi ya sauko. Ƙasa ta fara rawa a gabana, itatuwa suka rabu da gindinsu suna shawagi a kan wani ruwa da ba ya nan. Na riƙa ganin bayan rigar tsohon tana nisa tana dawowa. Kurciya ɗaya tana kuka a wani wuri, duk inda muka juya kukan na gabanmu.

Ban ga barewar ba sai da ya durƙusa. Tana tsaye a inuwar marke, ta ɗaga kai, kunnuwanta na motsi. Ƙarar bindigar ta zo mini kamar daga wani gari. Kafin hayaƙi ya washe tsohon ya riga ya isa, ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka da doguwar, ja ɗaya. Ya goge wuƙar ya ɗora ta a kan kubenta. Ya ce a wannan zafi, ga gida da nisa, cikin ake fara fitarwa kafin a taɓa fata, in ba haka ba nama ya juya. Ya ce in jira shi, zai yanko ganyen kalgo da za a shimfiɗa.

Da ya ba da baya sai zuciyata ta ce ai ni ma malami ne a wannan fanni, bari ya dawo ya tarar na rage masa aiki. Na zaro tawa na ɗora a cikin dabbar. Ta ƙi shiga. A makaranta kullum a kan akuyar da mahauci ya riga ya tsaga ake nuna mana, ban taɓa tambayar da me aka tsaga ba. Sai na ɗauki doguwar nan da ya ce ba ta taɓa komai sai maƙogwaro, na danna tsininta. Ta shige kamar cikin man shanu, ta wuce inda nake so, ta huda tumbi. Wani koren ruwa mai ɗumi ya ɓulɓulo ya malale cikin, wari ya tashi. Na tsaya da wuƙar a hannu, na kasa ajiyewa na kasa ci gaba.

Haka ya dawo ya same ni. Ya kalli barewar, ya kalli wuƙar, bai kalli fuskata ba. Ya karɓi wuƙar ya goge da ganye a hankali, ciki da baya, ya mayar kube. Sannan ya tsuguna ya ce in matso.

Ya fito da 'yar ƙaramar. Ya zura yatsu biyu na hagu ƙarƙashin fatar cikin, ya ɗaga ta, ya kwantar da wuƙar tsakanin yatsun, kaifi na kallon sama, manuniyarsa ta dama kwance a bayanta har baki. Wuƙar ba ta fi yatsan tsawo ba, saboda haka duk inda bakinta ya kai, yatsansa ya riga ya taɓa wurin ya san abin da ke nan. Ya tsaga har ƙirji ba tare da ya taɓa hanji ba. Ya zaro kayan cikin gaba ɗaya ya ɗora a ganye, ya ɓanɓare maɗaciya daga jikin hanta da bakin wuƙar kamar mai cire ƙaya. Sai ya ce in miƙo gora. Ya juye ruwan shanmu duka ya wanke inda na ɓata, ya goge, ya yanke ɗan abin da ba zai wanku ba ya jefar.

Muka rataye ta a reshen marke. Ya zagaye ƙafafu da ƙaramar, ya tsaga cikin cinyoyi, daga nan ya ajiye wuƙa ya dunƙule hannu ya riƙa cusawa tsakanin fata da nama, fatar na saɓulewa da wata 'yar ƙara kamar ana yaga tsohon zane. Da ya zo haƙarƙari, inda fata ke manne da wata siririyar tsoka, sai ya tsaya ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba.

"Kawo taka mu gani."

Na ba shi. Ya ja sau ɗaya, ya sake ja. Cikin wuƙar mai lanƙwasa ya riƙa bin haƙarƙarin yana raba tantani, ba inda ya kama fata. Bai mayar mini ba sai da ya gama ɓangarorin biyu. Bayan nan gajerar mai nauyi ta karɓi aiki. Ban ga ya sari ƙashi ko sau ɗaya ba. Yakan lanƙwasa gaɓa ya laluba da babban yatsa, ya sa wuƙar a wani ɗan lungu, ya murɗa, sai cinya ta rabu da ƙugu, karfata ta rabu da ƙirji. Ya ce wanda ya sari ƙashin naman daji zai yi ta tsintar tsage a bakinsa har ya gama cin tuwo.

Mun dawo ba ruwa. Shi ne kawai hukuncin da na sha, kuma tare muka sha shi. Harshena ya manne, kunnuwana suna wani kuka siriri, naman da na ɗauka a ka yana ɗiga a wuyana. Na tuna na ga duwatsun Roni sun taso daga nesa, shuɗi-shuɗi, muna ta tafiya ba sa matsowa. Da muka isa rugar nan ya ajiye wa dattijuwar karfata ɗaya, ita kuma ta kawo mana ruwan rijiya a ƙwarya rufe da faifai. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. A nan, ina ajiye ƙwaryar, na ce, "Baba, ku yafe mini." Ya ce ba komai, laifin na wuƙa ne da ta fi hannuna tsawo, kuma za a nemo mini daidai ni.

Sai bayan ruwan farko ya sauka muka tafi neman wuƙar. Akwai maƙera a Roni, amma ya ce shi maƙerinsa yana Kanya Babba, wajen Babura, uban wannan ne ya yi wa ubansa wuƙaƙe. Ya zo Kazaure ya same ni muka hau bayan wata babbar mota da ke kai 'yan kasuwa. Ƙasa ta jiƙe, gero ya fara tsirowa layi-layi, ƙamshin ƙasa na bin mu. Tsohon ya zauna a kan buhu ya rungume ƙunshinsa, idonsa a lumshe, iska na kaɗa gemunsa. Na ɗauka barci yake, sai can ya nuna wani fili ya ce a nan ya taɓa ganin gwanki tara a tsaye, yana saurayi. Na duba, gonaki ne kawai da mata masu kai abinci.

Maƙerin gajere ne mai faɗin ƙirji da furfura, ƙanensa, shi ma da furfura, yana kan zuga-zugi. Suka daɗe suna gaisawa da tsohon, suka tambayi na raye suka yi wa matattu addu'a. Sannan tsohon ya kamo hannuna na dama ya buɗe shi. Ya tsinko kara ya auna faɗin tafin, ya karya, ya ce wannan ƙota. Ya sake auna manuniyata daga gindi zuwa farce, ya karya, ya ce wannan ruwan wuƙa. Maƙerin ya karɓi karan biyu ya soke a jikin danga. Ya jawo wani guntun ƙarfen sifirin na mota daga ƙarƙashin tarkace, ya ce tun da motoci suka yawaita ya daina wahalar neman ƙarfe.

Wajen ƙota aka fi daɗewa. Maƙerin ya zube mini su a gaba, na itace da na ƙaho. Idona ya tafi kan wata ta ƙaho, baƙa mai sheƙi, da zoben farin ƙarfe. Na ɗauka na ce wannan. Tsohon ya sa aka kawo man gyaɗa a ɗan kasko, ya ce in tsoma hannu, in rufe ido, in sake riƙewa. Na riƙe, ya kama ɗaya bakin ya ja kaɗan, ta sulɓe kamar kifi. Ya ce haka jini da kitse za su yi mini a daji. Ido a rufe na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ja, ina jin ƙarar zuga-zugi da zafin gawayi a gefen fuskata, har na kai kan wata da ta zauna a hannuna ta ƙi fita. Da na buɗe ido, wata mummuna ce ta ƙirya, ko gogewa ba a gama ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ita aka sa mini.

Muna zaune ƙarfen ya yi ja, ya yi fari, ya miƙe a ƙarƙashin masaba. Maƙerin ya tsoma shi a ruwa, tururi ya tashi ya rufe mu. Ina tsammanin an gama, sai tsohon ya ce in ba shi wuƙar ofis. Ya miƙa wa maƙerin.

"Irin wannan za ka yi mini," ya ce. "Cikin nan nata kada ka rage. Amma ka ɗan fito mata da baki, kamar na kaza, yadda za ta iya fara aiki da kanta."

Maƙerin ya kwantar da ita a ƙasa ya zana siffarta da ƙusa, ya ƙara ɗan tsini a zanen, ya dubi tsohon, tsohon ya gyaɗa kai. Wani daɗi ya cika ni wanda ban san inda zan sa shi ba.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Maƙerin ya ga siffar ta yi masa, ya ƙera wasu ya kai kasuwar Babura. Mahauta, waɗanda na shekara ina yi wa bayani ba su ji ba, suka fara ɗauka, tunda yanzu daga hannun maƙerinsu ta fito kuma tana da baki. Kafin shekara biyu na fara ganinta a Kazaure da Gwiwa, har a hannun mutanen da ke ƙetaro iyaka. Fatun da nake ɗagawa saitin rana suka rage huji. A ofis aka yaba mini, aka ce na iya jan hankalin jama'a. Na so in faɗi yadda abin yake, na ga zai yi tsawo, na yi shiru. Da na gaya wa tsohon ya yi dariya har da tari.

Na yi shekara shida ina bin sa daji duk lokacin da aiki ya bari. Ban taɓa zama maharbi ba, ko zomo ban taɓa harba ba. Ni dai in ya yanka sai ya koma inuwa ya bar ni da sauran. Daga baya aka mayar da ni Kano. Fari ya zo ya wuce, kuɗin mai suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, na sayi babur, 'ya'ya suka ƙaru. Kasuwanni suka cika da wuƙaƙe masu walƙiya 'yan kanti, har da masu naɗewa. Nakan aika wa tsohon da gaisuwa da goro, amma zuwa ya yi ta gagara.

Sai wata babbar salla da ta faɗo cikin kaka na ce ko me za a yi sai na je. Na bar iyali a Kazaure wajen 'yan'uwa na kama hanyar Roni washegarin salla. Dajin da muka saba ratsawa ya zama gonaki, an girbe gero an jingina dammuna. Na same shi zaune a zaure, idanunsa sun yi fari, ba ya gani sai inuwa. Ya gane ni da sallama. Ya ce barewa ta ƙare a wannan ƙasa, ko gada sai an yi sa'a, bindigar ma ya ba wani jikansa da ke gadi a birni. Matarsa, wadda duk shekarun nan ban fi jin muryarta daga bayan danga ba, ta fito ta ce ragon layyarsu na nan ɗaure tun jiya. Ya hana kowa taɓawa, wai jikinsa ya ba shi baƙo na tafe.

Liman ya zo ya yanka masa. Aka rataye ragon a bishiyar tsakar gida, aka shimfiɗa wa tsohon buzu kusa. Na zaro wuƙar nan da aka auna da tafin hannuna na fara aiki, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Tsakar gidan shiru, sai kaji da ƙarar wuƙa. Can ya ce na cika sauri a wuya. Can kuma ya ce in ajiye ƙarfe in sa hannu, nan ba wurin wuƙa ba ne. Na duba, haka ne. Da na zo raba cinya wuƙar ta ɗan gogi ƙashi, ya ce in koma baya kaɗan, wajen faɗin yatsa. Na koma, gaɓar ta buɗe.

Matarsa ta gasa hanta ta kawo. Ya ci yanka biyu, ya sha ruwa, ya jingina da bango. Ya fara ba ni labarin wata tafiya da suka yi da ubansa zuwa arewa, inda suka kwana uku suna bin sawu, amma bai kai ƙarshe ba barci ya ɗauke shi, bakinsa na ɗan motsi. Na zauna har inuwa ta juya. Ban tashe shi ba. Na yi wa matar sallama a hankali, na tura babur ɗin har bayan duwatsu kafin na tayar.

Bai kai damina ba. Labarin ya iso ni a makare, ta bakin wani mai kawo fatu, ana cikin wata maganar. Da na samu zuwa, an ce matar ta koma wajen 'yarta a Achilafiya. Na ƙarasa gidan duk da haka. Rufin zauren ya rufta, dangar ta kwanta, wani maƙwabci ya shuka gero a tsakar gidan har ya kai ƙirji. Na tsaya a bakin gonar na yi masa addu'a. Iska ta taso daga gabas, geron ya riƙa kwanciya yana tashi, hadari na haɗuwa a kan duwatsu. Wani mai wucewa da jaki ya ce in hanzarta in ba so nake ruwa ya tare ni a hanya ba, na hau babur na bi bayansa har bakin titi.